Ciwon Damuwa Na Yara Da Matasa, Da Ƙwayoyin Da A Ke Ba Su

Darasinmu na wannan wata a kan wani ciwo ne wanda ba ya kawo zazzaɓi ko ƙurji, duk da haka ya kan kwantar da yaro, har wani lokaci ya kai shi kabari. Likitoci suna ce da shi ciwon damuwa. A ƙasashen Turawa an yi shekara 30 da ɗoriya ana ba yara da matasa ƙwayoyin maganinsa, ana kuwa ta gardama a kan amfaninsu da haɗarinsu. Watakila wani ya ce, ina ruwan mutanen Dutse da Kiyawa da Jahun da gardamar Turawa? Amsa ita ce, ƙwayoyin nan sun riga sun iso kantunan magani na ƙasarmu, ciwon kuwa ya daɗe a gidajenmu tun ba mu san sunansa ba. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka bari mu bi maganar daki-daki.

1. Mene Ne Ciwon Damuwa?

Kowane ɗan Adam ya san baƙin ciki. Yaron da ya faɗi jarrabawa ya kan yi kwana biyu ba ya walwala, sa'an nan ya ware. Wannan ba ciwo ba ne. Likita ya kan kira abin ciwo sa'ad da baƙin cikin ya zauna kusan dukan yini, kowace rana, har mako 2 ko fiye, ya kuwa hana yaron abin da ya saba yi. Wasan da ya ke so dā ba ya yi masa daɗi. Barcinsa ya lalace, ko kuwa ya yi yawa. Cin abincinsa ya sāke. Karatu ba ya shiga. Yana ganin kansa ba shi da amfani ga kowa, har ya kan ce gara ma ya mutu.

Sai mu lura da abu biyu. Na fari, a wurin yara ciwon nan sau da yawa da fushi ya ke fitowa. Yarinya mai ladabi ta koma mai tsiwa, yaro mai biyayya ya koma mai taurin kai, iyaye kuwa su ɗauki bulala. Na biyu, mutanenmu ba su cika cewa ransu ya ɓaci ba. Abin da yaro zai faɗa shi ne, kaina yana ciwo, cikina yana murɗawa, gabana yana faɗuwa, jikina ba ƙarfi. Sai a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, wata da watanni, ba sauƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya cikin 7 yana fama da wani ciwo na tunani, ciwon damuwa kuwa yana cikin na gaba-gaba. Sanadinsa ba ɗaya ba ne. Akwai gado. Akwai duka da zagi da cin zarafi, da ciwo mai daɗewa kamar amosanin jini. Akwai kuma masifun da su ka auko wa jiharmu muna gani. Ambaliyar shekarar 2022 ta raba iyalai da yawa da gidajensu da gonakinsu. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta kama wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, mutum fiye da 150 su ka hallaka, da yawansu samari. A asibitin Jahun, inda Likitocin Sa Kai Na Ƙasa Da Ƙasa su ka soma aiki a 2008, ana yi wa mata aikin yoyon fitsari, cikinsu har da 'yan mata ƙanana waɗanda su ka rasa jariri, waɗansu su ka rasa aure kuma. Raunin jiki ya kan warke ya bar na zuciya.

2. Asalin Ƙwayoyin Da Yadda Su Ke Aiki

Maganin nan bai daɗe a duniya ba. Wajen 1952 likitoci a Amurka su ka lura wani sabon maganin tarin fuka yana sa marasa lafiya fara'a. A 1957 wani likita a ƙasar Suwizalan, Roland Kuhn, ya ba da labarin wata ƙwaya mai suna imifiramin, wadda ta taimaki manya masu ciwon damuwa. A 1961 a ka fito da 'yar'uwarta, amitiriftilin. Waɗannan su ne tsofaffin ƙwayoyi. A ƙarshen 1987 Amurka ta yarda da wata sabuwa, fuloksetin, wadda a ka fi sani da sunan Prozac, sa'an nan waɗansu irinta su ka biyo baya.

Ga yadda sababbin su ke aiki a taƙaice. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta wurin waɗansu sinadarai. Ɗaya daga cikinsu sunansa serotonin. Jijiya ta kan saki sinadarin, in ya isar da saƙo ta janye shi. Ƙwayar tana rage janyewar, domin sinadarin ya daɗe a wurin. Dā a kan ce ciwon damuwa ƙarancin serotonin ne kurum, amma masana na yanzu sun ga maganar ta fi haka zurfi. Abin da ya tabbata shi ne, ƙwayar ba ta aiki nan take kamar maganin ciwon kai. Ta kan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga sauƙi sosai.

A tuna kuma, a jikin manya a ka fara gwada ƙwayoyin nan duka. Ƙwaƙwalwar yaro kuwa tana kan girma, ba ta gama nuna ba sai bayan shekara 20. Rage wa yaro awon babba bai isa ya sa maganin ya dace da shi ba.

3. Hawa Da Sauka

Daga wajen 1990 zuwa 2003 likitocin Amurka da Ingila su ka yi ta ƙara rubuta wa yara sababbin ƙwayoyin, gama an ga ba su da haɗarin tsofaffin. A farkon 2003 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a ba da fuloksetin ga yara daga shekara 8.

A shekarar nan kuma gargaɗi ya fito. A watan Yuni na 2003 hukumar magunguna ta Ingila ta ce kada a ba wanda bai kai shekara 18 ba ƙwayar da a ke kira Seroxat, wadda a Amurka a ke kira Paxil. A watan Disamba ta haɗa da sauran irinta, ban da fuloksetin. Hukumar Amurka kuwa ta tattara gwaji 24 da a ka yi da yara fiye da 4,400. A ka ba waɗansu magani na gaske, waɗansu kuma ƙwayar wofi, watau mai kama da magani amma ba kome a cikinta. Cikin kowane yara 100 masu shan magani, 4 su ka nuna tunanin kashe kansu ko yunƙurin haka. Cikin masu shan ƙwayar wofi kuwa, 2. Ba yaro ko ɗaya da ya mutu ta wannan hanya cikin gwaje-gwajen. Duk da haka, a watan Oktoba na 2004 hukumar ta ba da umurni a buga gargaɗi mafi ƙarfi a takardar kowace irin ƙwayar nan, kewaye da baƙin layi. A 2007 ta faɗaɗa gargaɗin har zuwa masu shekara 24.

Daga baya waɗansu abubuwa su ka fito fili. A 2012 kamfanin GlaxoSmithKline ya amsa laifi a Amurka, ya biya dala biliyan 3, cikin laifofin kuwa har da tallar Paxil domin yara ba da izini ba. A 2015 waɗansu masana su ka sake duba wani gwaji na ƙwayar nan wanda a ka buga a 2001 da yabo, su ka tarar ba ta fi ƙwayar wofi amfani ga matasa ba, illarta kuwa ta fi yadda a ka faɗa. Darasi ke nan a gare mu: mai talla ba ya kushe kayansa.

Bayan gargaɗin 2004 rubuta maganin ya ragu na ɗan lokaci, sa'an nan ya sake hawa. Wani bincike ya ƙidaya yara da matasa a ƙasashen Yamma daga 2005 zuwa 2012. A Amurka masu shan maganin sun tashi daga 13 zuwa 16 cikin 1,000. A Ingila daga 7 zuwa 11, a Danmak daga 6 zuwa kusan 10, a Jamus daga 3 zuwa 5. Wani binciken da a ka buga a 2024 ya nuna cewa a Amurka, tsakanin masu shekara 12 zuwa 25, karɓar maganin ta ƙaru da kashi 66 cikin 100 daga 2016 zuwa 2022. Hawan ya fi sauri bayan annobar korona ta 2020, musamman a wurin 'yan mata. Masana ba su zama baki ɗaya a kan dalilin ba. Waɗansu sun ce ciwon ne ya ƙaru. Waɗansu sun ce an daina jin kunyarsa ne, ana zuwa asibiti. Waɗansu kuma sun ce masu jiyya ta hanyar zance sun yi kaɗan, rubuta ƙwaya kuwa ya fi sauri.

4. Maganin Yana Da Amfani Kuwa?

Yana da shi, amma da iyaka. A 2004 a ka buga sakamakon wani gwaji a Amurka da matasa 439 masu shekara 12 zuwa 17. A ka raba su kashi huɗu, a ka duba su bayan mako 12. Cikin 100, waɗanda a ka haɗa musu fuloksetin da jiyyar zance, 71 su ka sami sauƙi. Masu ƙwaya kaɗai, 61. Masu zance kaɗai, 43. Masu ƙwayar wofi, 35. Jiyyar zance ita ce yaro ya riƙa zama da wanda a ka horar, mako-mako, yana koyon gane munanan tunaninsa, yana komawa ayyukan da ya bari kaɗan-kaɗan.

Mu dubi lissafin nan da kyau. Haɗa magani da zance ya fi kowanne shi kaɗai. Har wa yau, 35 sun sami sauƙi ba da wani sinadari ba, wannan kuwa yana nuna mana cewa lokaci da kulawa suna da nasu rabo cikin warkewa.

A 2016 masana, bisa jagorancin wani likita na Jami'ar Okusfod, su ka tattara gwaji 34 a kan ƙwayoyi iri 14, da yara da matasa 5,260. Fuloksetin kaɗai ce ta nuna sarai ta fi ƙwayar wofi. Tsofaffin ƙwayoyi irin su amitiriftilin ba su nuna amfani ga yara ba. Littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ta fara bugawa a 2010 domin ma'aikatan ƙananan asibitoci, ya tsai da magana kamar haka: kada a ba yaron da bai kai shekara 12 ba ƙwayar damuwa, ga matashi kuwa a fara da zance da gyaran zamansa na gida da makaranta, in wannan bai isa ba, a duba fuloksetin, da shawarar ƙwararren likita.

5. Halin Da Mu Ke Ciki A Nan

Damuwar Turawa ita ce ko maganin ya yi yawa. Tamu dabam ce. Yawancin yaranmu masu ciwon nan ba su taɓa ganin wanda zai gane shi ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta wuce mutum miliyan 200, masu duba yara musamman kuwa 'yan kaɗan ne daga cikinsu. Jihar Jigawa, wadda a ka cire daga Kano a 1991, tana da asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kazaure, can arewa da Kano, tafiya mai nisa ga mutumin Gwaram ko Buji. Mafi kusa da mu su ne asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da asibitin tarayya na Birnin Kudu, inda likita zai duba yaro, in ya ga ya kamata ya tura shi gaba. A Kano akwai asibitin Dawanau da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano.

Inda likita ya yi nisa, kemis ya kan zama likita. Haɗarin ke nan. Amitiriftilin tana da araha, tana sa barci, saboda haka wanda bai sani ba ya kan ɗauke ta maganin rashin barci. Ga yaro ba ta warkar da damuwa, in kuwa an sha ta fiye da kima tana taɓa zuciya har ta kashe. Lasin na mai kemis bai ba shi ikon sayar da irin wannan ba. Magani ne wanda sai da takardar likita.

Haɗari na biyu shi ne yaro ya nemi wa kansa magani. A 2017 a ka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 ta maganin tari mai kodin kowace rana a Kano da Jigawa. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi. Ba kowane mai shan kodin ko taramol ba ne mai ciwon damuwa, amma waɗansu da shi su ka fara, suna neman abin da zai kwantar musu da rai na sa'a ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga.

Na uku shi ne mari. A 2019 a ka buɗe gidaje a Kaduna da Daura da waɗansu wurare, a ka sami samari da yara ɗaure da sarƙa. Rahoton da ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar a shekarar ya nuna ana ɗaure masu ciwon tunani a gidajen gargajiya, da na Musulmi, da na Kirista, har da waɗansu asibitocin gwamnati. A watan Janairu na 2023 a ka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuwa ba mai ciwo hakki a yi masa jiyya da mutunci.

6. Abin Da Ya Wajaba Ga Iyaye

Na ɗaya, mu saurara. Labarin zuciya a tambayi fuska. In yaro ya sāke har mako 2, uwa ko uba ya zauna da shi su biyu, ya tambaye shi a hankali, kada ya katse shi da faɗa.

Na biyu, in ya ambaci mutuwa, kada mu ce wasa ya ke yi. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin a rai, sau da yawa ma ta kan sauke masa nauyi. In ya ce i, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ran nan. A kulle maganin ƙwari na gona da na ɗaki, da dukan magungunan gida.

Na uku, a bar likita ya duba jikinsa duka, gama ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo da waɗansu cututtuka su kan yi kama da damuwa. A gaya wa likita gaskiya in yaron yana shan wani abu, ko yana da farfaɗiya, ko kuwa akwai mai taɓin hankali a dangi.

Na huɗu, in an rubuta magani, a tambayi sunansa, da awonsa, da ranar komawa. Babba ne zai riƙe shi, ya ba yaron kowace rana. Makonnin fari, da duk lokacin da a ka sāke awo, su ne na tsaro. In yaron ya kasa zama wuri ɗaya, ko fushinsa ya ƙaru, ko ya daina barci yana ta surutu, ko ya soma zancen mutuwa, a koma wurin likita nan da nan. Tashin zuciya da ciwon kai kaɗan su kan zo da fari su wuce.

Na biyar, kada a tsai da magani farat ɗaya don an ga sauƙi, ko don kuɗi sun ƙare. Ƙa'ida ita ce a ci gaba wata 6 ko fiye bayan warkewa, sa'an nan likita ya rage shi sannu-sannu. Ƙwayar ba ta sa maye irin na taramol, amma yanke ta gaba ɗaya ya kan kawo jiri da rashin barci, ciwon ma ya iya komowa. Saboda haka a yi lissafin kuɗin tun da fari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7. Rabon Ekklisiya

Waɗansu 'yan'uwa su kan ce mai bi na gaske ba ya ciwon damuwa. Maganar nan tana ƙara wa yaro kaya a kan kaya. Mu tuna da annabi Iliya cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Bayan babbar nasara ya gudu jeji, ya roƙi mutuwa. Abin da a ka fara yi masa shi ne, a ka bar shi ya yi barci, a ka ba shi abinci da ruwa har sau biyu, daga baya a ka yi magana da shi, a ka ba shi aiki da abokin tafiya. Ba mu hana mai ciwon sukari allurarsa don muna yi masa addu'a. Haka nan kuma mai ciwon damuwa.

A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Ya saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa, suna karɓar magani suna zaune cikin mutane. Duniya ta yaba da tsarin. Abin da ya gane shi ne, mai ciwon tunani ya fi samun sauƙi a cikin jama'a. Wannan kuwa muna da shi. Malamin makarantar Lahadi ya lura da yaron da ya daina zuwa. Zumuntar Mata ta ziyarci yarinyar da ta komo daga Jahun. Matasa su je su ɗauko abokinsu zuwa ƙwallo ko waƙa, ko da ya ce ba ya so. Dattawa su taimaka da kuɗin mota da na magani, su kuwa riƙe asirin gidan. Maƙwabcinmu Musulmi in abin ya same shi, mu gaya masa abin da mu ka koya, gama ciwon ba ya tambayar addini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Ina bambanci tsakanin baƙin ciki na yau da kullum da ciwon damuwa?
2. Wace ƙwaya ce gwaji ya nuna tana taimakon matasa, daga shekara nawa kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a duba ba da ita?
3. Don me makonnin fari na shan magani su ke bukatar tsaro?
4. In ɗanka ya ce gara ya mutu, me za ka yi kafin rana ta faɗi?
5. Wane yaro ne a ekklisiyarku ya daina zuwa a watannin nan, wa zai ziyarce shi cikin makon nan?

Allah ya ba mu idon gani da kunnen ji, ya kiyaye mana 'ya'yanmu. Amin.